Tambaya da Amsa: Wane ne bos ɗin nan mai hannun ƙarfe, kuma ya tsofaffin 'yan fim ɗin Hongkong suke ƙarewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni tun ina yaro nake kallon fim ɗin Canis, tun zamanin da muke tara kuɗin tara mu shiga Plaza da Orion. Kwanan nan yarona ya nuna min wani tsohon fim mai baƙi da fari a YouTube, ina cikin kallo sai ga bos ɗin Enter the Dragon, mai hannun ƙarfen nan, da sauran ƙuruciyarsa. A ƙasa an rubuta wai fim ɗin Kantonis ne. To Malam mene ne Kantonis, ba duk Canis ɗaya ba ne? Shi wannan mutumin ashe ya daɗe yana fim kafin Burusli? Sannan tsofaffinsu ya suke ƙarewa, su ma sai an yi musu bidiyon neman taimako in sun kwanta ciwo? Na gode.
Mai bibiyarka daga Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, lafiya lau Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri. Idonka bai yaudare ka ba, shi ne. Sunansa Shih Kien, wasu su rubuta Sek Kin, an haife shi a 1913, kaga kenan lokacin da ya tsaya gaban Burusli a ɗakin madubin nan a 1973 yana da shekara 60 cif, kuma ya riga ya yi fina-finai ɗaruruwa, ya shafe sama da shekara 30 a harkar. Mu nan a fim guda muka san shi, amma a Hongkong kaka da jika duk sun san fuskarsa tun kafin Burusli ya yi gemu.

Bari na fara da yaren tunda komai a kansa ya rataya. Kantonis yaren mutanen kudancin Caina ne, lardin Guangdong da Hongkong da Makawu, kuma shi ne yaren da aka fi ji a tsofaffin unguwannin 'yan Caina na Amurka da Ingila. Garin Gwanzu da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari suke zuwa saro kaya, shi ne Turawa suke kira Kanton, daga nan sunan ya fito. Shi kuma Mandarin shi ne yaren gwamnati da makaranta, tushensa daga arewa, wajen Bejin. Rubutunsu kusan ɗaya ne amma a baki mai Mandarin zalla ba zai gane mai Kantonis ba, sai dai a rubuta masa. Don haka a Hongkong an yi shekara da shekaru masana'antar fim biyu ce a gari ɗaya, kowacce da jarumanta da gidajen silimarta da masu kallonta.

Abin da ya sa mu ba mu taɓa lura ba shi ne ba muryarsu muke ji ba. Kwafin da yake zuwa mana an ɗora masa Turanci. Kai ko a can ɗin ma, shekara da shekaru ba sa ɗaukar sauti a wajen aiki, hoto kawai ake ɗauka sai a koma sutudiyo wasu su ɗora murya, yau a ɗora Mandarin gobe a ɗora Kantonis, ya danganta da kasuwar da za a kai. Jaki Can kansa sai a Police Story na 3 a 1992 mutane suka fara jin muryarsa ta gaskiya a fim ɗinsa na Hongkong. Shi ma Shih Kien ba ya jin Turanci, muryar da ka ji a Enter the Dragon ta wani ɗan wasa ce mazaunin Amurka, Keye Luke. In ka sake kallo ka sa ido a bakinsa, motsa leɓe kawai yake yi daidai da kalmomin da aka haddace masa, amma dubi girarsa da yadda yake murmushi da gefen baki yana ɗaura faratan ƙarfen nan a dungulmin hannu, wannan ba wanda ya ɗora masa, aikin shekara talatin ne.

Fim mai magana da Kantonis da ya fara tashe shi ne White Gold Dragon a 1933, kamfanin 'yan gidan Shaw ne ya yi shi a Shanghai da wani shahararren mawaƙin dandamali Sit Kok-sin, ya yi kuɗi sosai a Hongkong da Singafo. Gwamnatin Caina ta lokacin ba ta so ba, tana son kowa ya koma yare ɗaya, har ta yi yunƙurin hana fim da Kantonis wajen 1936 zuwa 1937, to Hongkong tana hannun Ingila, dokar ba ta kai can ba, sai harkar ta tattara ta koma can. Jafan ta mamaye garin daga Disamba 1941 zuwa Agusta 1945 aka daina fim. Bayan 1949 kuma da kwaminisanci ya karɓi Caina sai manyan 'yan fim na Shanghai suka kwararo Hongkong da jarinsu da Mandarin ɗinsu, su ne masu kuɗi, su ne masu manyan sutudiyo, fim ɗin Kantonis ya zama na talaka, na lebura da mai aikin masaƙa da tsohuwa mai goyon jika.

Kuma gaskiya da yawansu aikin gaggawa ne. Akwai waɗanda ake ɗauka a gama cikin kwana 7, har sunan da ake kiransu da shi kenan. Dalili kuwa kuɗin ne: masu gidajen silima na Singafo da Malesiya su suke ba da kafin alƙalami tun ba a rubuta labari ba, abin da suke tambaya kawai wane jarumi ne a ciki, in sun ji sunan da suke so sai su saki kuɗi, shi kuma furodusa ya san in ya kashe ƙasa da abin da aka ba shi ya riga ya ci riba tun fim bai fito ba. Jarumi ɗaya sai ya yi lokeshan biyu uku a rana. A farkon shekarun 1960 ana fitar da fim ɗin Kantonis sama da 200 a shekara, a ɗan garin nan.

To a cikin wannan hayaniyar aka haifi abin da ya zama uban duk fim ɗin kunfu da muka sani. A 1949 darakta Wu Pang ya ɗauko labarin Wong Fei-hung, wani mutum ne na gaske, malamin kunfu kuma mai maganin gargajiya da ya yi zamani a Gwanzu, an haife shi 1847, ya ba wani ɗan wasan dandamali mai suna Kwan Tak-hing ya hau. Kwan an haife shi 1905, ya tashi cikin talauci, ya shiga wasan waƙe na gargajiya tun yana yaro, lokacin yaƙi da Jafan ya yi ta yawo har Amurka yana wasa yana tara wa ƙasarsa gudummawa. Ya hau wannan rol ɗin sama da sau 70, a 1956 kaɗai an fitar da 25. Kuma kusan duk inda ka ga Kwan, to Shih Kien ne mugun.

Tsarin labarin ba ya canjawa sosai kuma mutane ba sa gajiya. Malam yana zaune a shagon maganinsa, almajiransa masu rawar kai su je su jawo rigima a kasuwa, mugu ya zo har gida yana zage-zage, Malam ya ba shi haƙuri, ya zuba masa shayi, ya sake ba shi haƙuri, ya juya ya yi wa nasa yaran faɗa a gabansa. Sai an kai shi bango sannan zai tattare gefen doguwar rigarsa ya soke a ɗamara. In ya kayar da shi kuma ba ya kashe shi, sau da yawa shi zai ɗaga shi ya shafa masa magani ya yi masa nasiha, mugun ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba, wata mai zuwa a sabon fim ya dawo da sabon sharri. Ni a ganina wannan ne zuciyar fim ɗin Kantonis, ladabi da haƙuri da girmama malami, faɗan na biyo baya ne, kuma shi ne abin da ya ragu sosai da aka koma fim ɗin ramuwar gayya na shekarun 1970 inda akta sai ya ga jinin kowa.

Shih Kien ya iya mugunta a fim har sunansa ya zama abin da 'yan Hongkong suke kiran duk wani maci amana da shi, alhali waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida mutum ne mai sanyin hali da mutunci. Da kwalliya ya fara, shi yake shafa wa 'yan wasa hoda, a 1940 ya fara fitowa da kansa, kuma kunfu ɗinsa na gaske ne, ya koya tun yana saurayi. Abokin mahaifin Burusli ne, don shi ma uban, Lee Hoi-chuen, ɗan wasan Kantonis ne, shi ya sa Burusli yake kiransa kawu. Wato wancan faɗan na ɗakin madubi yaro ne da abokin babansa.

Shi kuwa Kwan rol ɗin ya shige shi har ya zama rayuwarsa, ya buɗe shagon magani na gaske, yana koyar da kunfu, mutane a titi suna kiransa Malam kamar shi ne Wong Fei-hung ɗin. In kana son ka gan shi da kala nemi The Magnificent Butcher na Samo Hung, 1979, yana da shekara 74. Akwai wajen da yake zaune yana rubutu da burushin tawada, wani malamin kunfu ya shigo a fusace zai ci masa mutunci, Kwan bai tashi neman makami ba, da burushin nan yake kare duka yana kaucewa yana komawa kan takardarsa. Dattijo ne amma dubi bayansa a miƙe, dubi wuyan hannunsa. Ya rasu 1996 yana da shekara 91.

Kuma daga cikin waɗannan fina-finan masu baƙi da fari aka yaye waɗanda suka zo suka riƙe duniya. Tsohon nan mashayi mai jan hanci da ya wahalar da Jaki Can a Drunken Master, 1978, Yuen Siu-tien, ya daɗe yana wasa yana tsara faɗa a cikinsu, ɗansa Yuen Woo-ping shi ne daraktan Drunken Master ɗin kuma shi ya tsara faɗan fim ɗin Amurkan nan The Matrix na 1999. Lau Kar-leung da ya yi The 36th Chamber of Shaolin, a nan ya fara yana yaro tare da babansa Lau Cham, shi kuma baban almajirin Lam Sai-wing ne, Lam Sai-wing kuma almajirin Wong Fei-hung na gaske ne. Silsila ce a miƙe. Yaron da Jaki Can ya hau a Drunken Master ma ai Wong Fei-hung ne yana matashi, haka wanda Jet Li ya hau a Once Upon a Time in China a 1991.

Amma kar ka ɗauka duk faɗa ne. A 1952 wasu manyan 'yan wasa da daraktoci da suka gaji da aikin kwana 7 suka haɗa kai suka kafa kamfaninsu mai suna Union, a cikinsu akwai Ng Cho-fan da jaruma Pak Yin da Cheung Ying da darakta Lee Sun-fung, suka yarda kowa ya rage kuɗin da yake karɓa don a samu na yin aiki mai kyau. Fim 44 suka yi kafin su rufe a 1967. Wanda ya fi shahara In the Face of Demolition na 1953, labarin talakawa ne 'yan haya a wani tsohon bene da ake shirin rushewa, malamin makaranta da ya rasa aiki, direban tasi, mai rawa a kulob, ga mai karɓar kuɗin haya a kansu, kowa da tasa damuwar amma in ɗaya ya shiga uku sai a haɗa masa kuɗi. Ng Cho-fan ne direban, kuma maganar da yake yawan faɗa, kowa domina ni domin kowa, har yau 'yan Hongkong suna maimaita ta. Akwai wani yaro ɗan shekara 12 zuwa 13 a fim ɗin, Burusli ne. Ya yi fim wajen 20 yana yaro da Kantonis kafin ya tafi Amurka a 1959, kuma ya iya wasan tausayi sosai, duba The Kid na 1950. Abin mamaki kuma fina-finan da suka sa duniya ta san shi, The Big Boss da Fist of Fury, da Mandarin aka fara sakin su, don lokacin da ya dawo yaren uwarsa ya mutu a silima.

Kafin na zo kan mutuwar, mata. Wadda ta fi kowa masoya a shekarun 1950 mace ce da take fitowa a matsayin namiji, Yam Kim-fai, al'ada ce a wasan waƙensu na gargajiya, ita take hawa rol ɗin saurayi ɗalibi mai ladabi, abokiyar wasanta Pak Suet-sin ta hau budurwar, ta yi fim wajen 300, matan aure su ne manyan masu kallonta. Ta rasu 1989. A shekarun 1960 kuma da masana'antu suka cika Hongkong sai 'yan mata masu aikin kamfani suka zama su ne masu sayen tikiti, suka rabu gida biyu, 'yan Connie Chan da 'yan Josephine Siao, duka biyun haihuwar 1947, har cacar baki ake yi a ƙofar silima a kansu duk da su biyun ƙawaye ne.

Sai abin ya rushe, kuma da sauri. Kamfanin Shaw ya gina katafaren sutudiyo, yana fim mai kala da faffaɗan allo da Mandarin, a 1967 One-Armed Swordsman ya tara dalar Hongkong miliyan 1, abin da fim ɗin gida bai taɓa yi ba. A watan Nuwamba na shekarar tashar TVB ta fara watsa shiri kyauta da Kantonis, tsohuwar da take biyan tikiti don ta ji yarenta yanzu ga shi a falo. Masu silima na Singafo da Malesiya suka daina ba da kafin alƙalami. Daga sama da 200 a shekara, a 1971 fim ɗaya tak aka yi da Kantonis, a 1972 ko ɗaya babu. Alhaji ka tsaya ka auna wannan, mutum ya yi shekara 20 kullum yana lokeshan, ana tare shi a hanya ana gaishe shi, rana ɗaya a ce sana'ar gaba ɗaya babu ita. Wasu suka yi ritaya, wasu suka yi hijira, Ng Cho-fan a Kanada ya ƙarasa rayuwarsa ya rasu 1993, Connie Chan ta bar fim tana da shekara 25 kacal.

Talabijin ɗin da ta kashe su kuma ita ta ɗauke su aiki. Albashin ba yawa amma yana zuwa duk wata, wanda jiya shi ne jarumi yau ya zama baban jarumi ko kakansa ko mai gadi, wanda ya iya haɗiye girman kai ya ci gaba da cin abinci. Shih Kien ya yi shekaru a TVB, a nan yara suka san shi a matsayin dattijon kirki, ya kuma fito a The Young Master na Jaki Can a 1980 a matsayin shugaban 'yan sanda.

Wanda ya dawo da yaren silima shi ne Chor Yuen, ɗan gidan ne, babansa Cheung Wood-yau jarumin Kantonis ne, shi ma ya yi darakta a ciki tun shekarun 1950 kafin ya koma Shaw. A 1973 ya lallaɓa masu kamfanin suka bar shi ya yi The House of 72 Tenants da Kantonis, wasan barkwanci na 'yan gidan haya, ya kwaso 'yan wasan talabijin ya zuba. Fim ɗin ya zo na ɗaya a Hongkong a shekarar, ya wuce Enter the Dragon a kuɗi. A 1974 Michael Hui da ƙaninsa Sam suka saki Games Gamblers Play ya sake karya tarihi, daga nan ba a waiwaya ba, kafin ƙarshen shekarun 1970 Kantonis ya ƙwace kasuwar. Kuma ka san Chor Yuen ko ba ka san sunansa ba, shi ne bos ɗin Police Story na 1985 da Jaki Can ya lakaɗa wa duka a cikin kanti a ƙarshen fim. Mutumin da ya ba da umarnin fim sama da 100 kenan. An ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa a 2018, ya rasu 2022.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi damunka. Amsar ita ce su ma ba su da wani tsari da ya tsare su. Ana biyanka kuɗin aiki sau ɗaya ne shi kenan, ko fim ya shekara 50 ana nuna shi a talabijin ba ka da sisi a ciki, babu fansho, waɗanda suke kwantiragi da manyan kamfanoni ma albashi ne ɗan kaɗan da ɗakin kwana. Ƙungiyar 'yan wasansu ta zamani sai 1993 aka kafa ta. Don haka ƙarshen kowa ya danganta da abin da ya yi da kuɗinsa lokacin da ake yayinsa, da lafiyarsa, da kuma ko ana ci gaba da kiransa aiki.

Walter Tso Tat-wah, wanda yake hawa babban almajirin Wong Fei-hung, ana ƙiyasta ya yi fim sama da 700, ya yi kuɗi har ya mallaki sutudiyo nasa, caca ta cinye mafi yawan dukiyar, da tsufansa yana ta fitowa a ƙananan rol na sufeton 'yan sanda, za ka gan shi a My Lucky Stars. Ya rasu a Landan a 2007. Ng Man-tat, gurgun kocin nan na Shaolin Soccer, shi na baya ne, ajinsu ɗaya da Chow Yun-fat a makarantar koyon wasa ta TVB, suna ya zo masa da wuri ya faɗa caca da shaye-shaye bashi ya yi masa katutu wajen 1980, shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya je wajen Chow neman rance ya hana shi, ya yi shekaru yana jin haushinsa, tashar ta mayar da shi ƙananan rol, ya zauna ya koyi aikin daga tushe ya biya bashinsa, daga baya ya ce hanawar nan ita ta tashe shi. Ciwon hanta ya yi ajalinsa a 2021.

Wadda ni nake jinjina wa ita ce Josephine Siao. Tun tana ƙarama take ciyar da mahaifiyarta da kuɗin fim don uban ya rasu, ba ta samu ta yi makaranta yadda ya kamata ba, da ta ga kasuwa tana lilo sai ta tattara ta tafi jami'a a Amurka a 1970, ta dawo da digiri ta ci gaba da wasa. Ita ce uwar Jet Li mai abin dariya a Fong Sai-yuk, 1993. Kunnenta ɗaya tun yarinta ba ya ji, ɗayan ma ya zo yana mutuwa, a haka ta yi Summer Snow na darakta Ann Hui, labarin matar da take jinyar surukinta da ciwon mantuwa ya kama, ta ci kambun jarumar jarumai a bikin fim na Balin a 1995. Da kunnen ya ƙi sai ta bar fim ta karanci ilimin halayyar yara ta kafa gidauniyar kare yara daga masu lalata da su a 1998. Patrick Tse kuma, bos ɗin Shaolin Soccer mai ƙungiyar mugaye, shi ne saurayin da 'yan mata suke mutuwa a kansa a shekarun 1960, sai a 2022 yana da shekara 85 ya ci kambun jarumin jarumai na Hongkong. Shih Kien ya yi ritaya cikin rufin asiri, an karrama shi a 2003, ya rasu 2009 yana da shekara 96.

Waɗanda suka fi shan wuya, kuma su ne ba a faɗar sunansu, su ne masu faɗowa daga bene a madadin jarumi, waɗanda ake jifa ta gilashi a biya su kuɗin yini. Ƙashi ya karye a ɗaure a dawo gobe, ba inshora, da aikin ya ragu a ƙarshen shekarun 1990 da yawansu tuƙin tasi da gadi suka koma da jiki duk ciwo. Wannan bangaren yana ci min rai, don duk tafin da muka yi a silima rabinsa nasu ne.

Abu ɗaya da zan yaba wa 'yan Hongkong shi ne na baya suna komawa su ɗauko na gaba su ba su aiki na gaske, ba sadaka ba. Kung Fu Hustle na Stephen Chow, 2004, kusan gaba ɗayansa gaisuwa ce ga waɗannan mutanen: unguwar 'yan hayar daga fim ɗin Chor Yuen aka ɗauko ta, dukan tafin hannun da ya gama da bos daga wani tsohon fim ɗin Tso Tat-wah ne na 1964, mai gidan hayar Yuen Wah ne wanda yake yi wa Burusli tsalle-tsalle a madadinsa, matarsa a fim ɗin mai sigari a baki Yuen Qiu ta yi shekaru da barin fim aka je aka lallaso ta, shi ma bos ɗin mai silifas Bruce Leung ya daɗe ba a gan shi ba.

Fina-finan kansu da yawa sun ɓace, musamman na kafin yaƙi. Gwamnatin Hongkong ta buɗe gidan adana fina-finai a 2001, kuma wasu kwafin a tsofaffin silimun unguwar 'yan Caina ta San Faransisko aka samo su aka dawo da su gida. Waɗanda suke YouTube yawanci hoton ya dushe kuma ba fassara, amma na Wong Fei-hung ko ba ka jin ko kalma za ka bi labarin. In kana son mai fassarar Turanci a ƙasa, fara da The Magnificent Butcher da Dreadnaught na 1981 don ka ga Kwan, sannan ka sa yaron naka ya nemo maka Summer Snow ku kalla da iyali.